Man Tanda da Man Laftof

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, duk mai aikin hoto da laftof a Kano ya san kukan da nake nufi. Fanka ta kama gurnani ba ƙaƙƙautawa, gefen madannai ya ɗau zafin da ba ka iya barin tafin hannu a kai, bidiyon da a watan Disamba yake fita cikin rabin awa yanzu sai ya cinye awa guda, can kuma allo ya ɗauke ɗif, aikin da ba a adana ba ya tafi. Matasan Gama da Birged da Tudun Wada masu haɗa bidiyon biki, da ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Bayero masu fama da AutoCAD da Revit, da samarin da ke raba dare a kan wasan FIFA, duk bakinsu ɗaya idan sun isa gaban mai gyara: "Injiniya, zafi take ɗauka, a canza mata mai." Wani ma ya riga ya tsinci sunan wani mai tsada a intanet, yana ganin da zarar an shafa shi magana ta ƙare.

Man da ake nufi shi ne mai kaurin nan, launin toka, da ake sayarwa a cikin sirinji, wanda 'yan kasuwa ke kira tamal-fes. Yana da muhimmanci ƙwarai, zaɓensa kuma sai da ilimi. Amma an ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Wanda yake son ya gane aikinsa da iyakar aikinsa, ya tsaya minti goma a gaban mai waina.

Ba a rasa ta a lungunan Gama da sassafe. Ga murhu, ga tanda a kai, ga robar ƙullun shinkafa da ya kwana ya tashi, ga ɗan kwanon man gyaɗa da cokali a ciki. Dubi hannunta da kyau. Kafin ludayin ƙullu ya sauka sai ta ɗiga mai a kowane gurbi, ɗan kaɗan, wanda zai jiƙa gurbin kawai. Ba ta tsallake ko ɗaya, ba ta kuma cika ko ɗaya. Cikin tandar ƙasa ba sumul yake ba, akwai kaushi da 'yan ramukan da ido ba ya lura da su, shi kansa ƙullun kuma cike yake da kumfa. Idan babu mai, ƙullu zai taɓa tanda a wasu wurare ya kama ya ƙone, a wasu wuraren iska ta tsaya a tsakani ya zauna da saura. Mai ne yake shiga ramukan nan, ya kori iska, ya miƙa zafin tanda ga waina ta ko'ina. Ba shi ne wuta ba, ba shi ne kuma abincin ba. Ɗan aike ne a tsakaninsu.

A ƙarƙashin madannan laftof akwai ƙwayoyin silikon biyu da suke haifar da kusan duk zafin: furosesa, da ƙwayar katin hoto da ake kira GPU. Yawancin laftof ɗin ofis da suka cika gari, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, katin hotonsu a haɗe yake da furosesa. Masu kati na daban su ne irin ZBook da Precision da Omen da Legion da Nitro, kuma su ne suka fi shan wahalar bazara. Ɗauki ƙwayar RTX 3060 ta kamfanin Nvidia. Ba ta kai santimita 2 a kowane gefe ba, amma a wasu laftof tana jan wat 115 na lantarki, kuma duk abin da ta ja zafi yake komawa. Ita ce tandar. Farantin jan ƙarfen da aka danne a kanta shi ne ƙullun da zai karɓi zafin. Fuskokin biyu suna ƙyalli a ido, amma a madubin ƙara girma duk tudu da kwari ne. In aka haɗa su a bushe, a kan tsinin tuddan kawai suke taɓa juna, sauran filin iska ce. Ita kuwa iska gwana ce wajen tare zafi. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna ratsawar zafi da shi, jan ƙarfe yana wajen 400, iska tana 0.026, wato ya ninka ta kimanin sau 15,000. Man furosesa na sirinji kuwa, ko a bakin masu tallarsa, da wuya ya haura 15.

Alkaluman nan uku sun isa su gyara tunanin mutum. Man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar jan ƙarfe ba. Ashe ba shi yake sanyaya komai ba. Aikinsa ya cike ramukan da ƙarfe bai taɓa ƙwaya ba, ya kuma zama siriri gwargwadon iko don kada shi kansa ya koma shinge. Mai wainar da ta cika gurbi da mai ba ta ƙara wa waina gasuwa ba, ta dai yi asarar mai, wainar ta fito tana naso.

To, a ce yanzu tanda ta zauna a kan wuta, ba a kwashe wainar da ta gasu ba, ba a zuba sabon ƙullu ba. Mai zai fara hayaƙi, waina ta yi baƙi. Me mai waina take yi? Sai ta sunkuya ta janye itace. Abin da laftof ke yi ke nan lokacin da ka ga ta koma tafiyar wahala. Katin hoton Nvidia na laftof yana fara rage gudu da kansa idan ya kai wajen digiri 87 a ma'aunin Salshiyos, yawancin furosesocin Intel kuma iyakarsu digiri 100. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai ta kashe kanta gaba ɗaya. Mutane na ɗaukar wannan a matsayin lalacewa, alhali kare kanta take yi. Abin tambaya shi ne me ya hana a kwashe zafin.

Abin da yake hana tanda wuce kima shi ne zirga-zirgar hannun mai ita: kwashe gasassa, zuba ɗanye mai sanyi, kwashe, zuba. A laftof, zafin da farantin ya karɓa yana bi ta cikin wasu bututun jan ƙarfe da aka daddanne suka yi faɗi. Ba ƙarfe zalla ba ne. A cikin kowanne akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar ciki an liƙe bakin. Ruwan yana zama tururi a gefen ƙwaya, ya ruga ɗaya gefen, ya sauke zafi ya koma ruwa, ya biyo jikin bututun ya dawo. Wani masanin kimiyya, George Grover, ya ƙera irin wannan bututu a Los Alamos ta Amurka a 1963. A ƙarshen bututun akwai jerin siraran ƙarafa a kusa da juna, fanka tana tura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Iskar ɗakinka ita ce sabon ƙullun.

A nan ne Kano take da nata hukunci. Apple da Dell da HP duk sun rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da yawancin laftof ɗinsu. A watan Afrilu zafin rana a Kano kan haura 40, kuma wanda ya taɓa zama a shago mai rufin kwano a Gama da ƙarfe biyu na rana, babu wuta babu fankar sama, ya san ciki bai fi waje sauƙi ba. Kusan duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, ƙwaya ma sai ta ƙara ɗaya. Laftof ɗin da wani ya gwada a ɗaki mai digiri 22 a Jamus ya ga katin hotonta a 75, idan ka kawo ta ɗaki mai digiri 38 za ta nemi 90, ta riga ta tsallake inda za ta janye itace. Ba ta lalace ba, ba a kuma cuce ka ba. Ƙullun da kake zuba mata ne ya zo da zafinsa.

Sannan ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kwaso mana garin ƙasa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya haɗu da ta lungunan da ba kwalta. Fanka tana zuƙar wannan duka, haɗe da zaren darduma da na bargo, ta tara a bakin siraran ƙarafan nan ta ciki, inda ba a gani daga waje. Cikin 'yan watanni sai ya dunƙule ya zama tabarma mai kauri. Fanka na ta gudu, iska ba ta fita. Abin takaicin shi ne yadda lokutan suka jeru: hunturu ya toshe hanya a lokacin da sanyi ke rufa asiri, sai bazara ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Na yi imani da a ce duk mai laftof a Kano zai sa a buɗe ta a share a ƙarshen Fabrairu, da yawa daga masu zuwa neman canjin mai a Afrilu ba za su zo ba. Ƙara da ɗabi'ar ɗora ta a kan katifa ko filo ko cinya da babbar riga, alhali ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗaga bayanta kaɗai da ɗan katako a kan tebur yana sauke wasu digirori, ba ka kashe ko kwabo ba.

Saboda haka kafin a zargi mai, a bincika. Akwai manhajoji na kyauta, HWiNFO da GPU-Z, da suke nuna zafin kowace ƙwaya. Kunna aikin da ya saba wahalar da ita, ka sa bayan hannu a inda iska ke fita. Idan fanka na ihu amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, ƙura ce. Idan iska na fita da ƙarfi amma ba ta da wani zafi, alhali manhaja na nuna ƙwaya a 90, to zafin bai iso hanya ba: ko mai ya bushe, ko faranti bai zauna daidai ba, ko bututun ya huje ruwansa ya gudu, wanda babu man da zai gyara shi sai an canza. A katunan da suke nuna wuri mafi zafi a jikin ƙwaya, tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakaninsa da matsakaicin zafin ba laifi ba ne. Idan ta haura 20, akwai kusurwar gurbin da mai bai kai ba.

Kada kuma a ɗauki maganar da wasa don kawai laftof na iya kare kanta. Tandar ƙasa ba wuta kaɗai ke fasa ta ba, har da zafi da sanyi da ke bin juna. A watan Yulin 2008 Nvidia ta sanar da ware dala miliyan 150 zuwa 200 don ɗaukar nauyin katunan hoton laftof da suke mutuwa, irin su GeForce 8400M da 8600M da aka sa a wasu kwamfutocin HP da Dell da Apple. Abin da ya haɗa ƙwayar da mazauninta ne yake tsagewa saboda yawan ɗaukar zafi da hucewa. Masu gyaran da suka daɗe a sana'a suna tuna zamanin da ake hura wa irin waɗannan katuna iska mai zafi su farfaɗo na ɗan lokaci su sake mutuwa. Katunan yau sun fi waɗancan juriya, amma darasin yana nan. Shi ya sa nake roƙon masu cusa laftof mai zafi a firji, ko jingina mata ƙanƙara, su bari. Bayan girgizar sanyin, raɓa na taruwa a kan allon ciki, ruwa da lantarki kuwa ba sa zama wuri ɗaya.

Yanzu sai zaɓen man, kuma a nan akwai bambanci ɗaya babba tsakanin mai waina da mai laftof. Ita tana ɗiga sabon mai a kowane zubi. Kai sau ɗaya za ka shafa, ka rufe, ka so ya yi shekaru yana aiki a tandar da ake hurawa ana kashewa kullum. Don haka tambayar farko ba ita ce wane ne ya fi sanyi a ranar da aka shafa ba. Tambayar ita ce wane ne zai zauna a gurbinsa.

Ga dalili. Furosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe a kanta, ana kuma danne ta da ƙarfi. Ƙwayoyin laftof tsirara suke, faranti kai tsaye yake hawa kan silikon, notunan da ke riƙe shi kuma ba su da wannan ƙarfin. Idan zafi ya tashi, jan ƙarfe yana buɗewa kimanin ninki 6 na yadda silikon ke buɗewa. Kowane kunnawa da kashewa sai fuskokin biyu su ɗan motsa a kan juna, su riƙa tura mai zuwa gefe kaɗan-kaɗan. Mai ruwa-ruwa yakan ba da sakamako mai daɗi a makon farko, bayan 'yan watanni a buɗe a tarar tsakiyar ƙwaya ta bushe, man ya taru a baki. Wannan ne sirrin ƙorafin da ake yawan ji: "An canza min mai ta yi sanyi, wata uku ta koma gidan jiya." Laftof mai kauri take so.

Lambar ratsawar zafi da ake bugawa a jikin kwali kuwa, kada ta ruɗe ka. Kowane kamfani da yadda yake aunawa, kuma babu mai hana ɗan algus ya buga lambar da ya ga dama. Noctua, kamfanin ƙasar Austiriya mai yin NT-H1 da NT-H2, ba ya buga wannan lamba sam. Kamfanin Arctic ya daɗe yana rubuta 8.5 a kan MX-4, daga baya ya daina, kuma MX-6 da ya fitar a 2022 ya fi MX-4 kauri, abin da ya sa ya fi dacewa da ƙwaya tsirara. Kryonaut na kamfanin Thermal Grizzly na Jamus ya yi suna da lamba 12.5, kuma mai kyau ne a inda aka yi shi domin a sa shi, amma alkawarin rashin bushewar da masu shi suka yi a digiri 80 ya tsaya. Laftof ɗin mai haɗa bidiyo a bazarar Kano a saman wannan take wuni. Tsakanin mayuka na ƙwarai, bambancin ranar farko digiri biyu ne ko uku. Bambancin bayan shekara guda shi ne abin dubawa.

Akwai wani nau'in da ba a sirinji yake zuwa ba. PTM7950 da kamfanin Honeywell na Amurka ya ƙirƙira falle ne siriri, kaurinsa milimita 0.2 zuwa 0.25, a tsakanin leda biyu. A sanyi a daskare yake, idan ya kai wajen digiri 45 sai ya yi laushi ya bi ramuka, idan ya huce ya sake kamewa a inda yake. Wannan hali ne ya sa motsin ƙarfe ba ya iya tura shi gefe yadda yake tura sauran. A ganina, ga katin hoton laftof a ƙasa mai zafi, babu wanda ya kai shi, in dai an samu na gaskiya. Sai dai yana da shika-shikai. Ana yanka shi daidai girman ƙwaya, ya fi sauƙin ɓarewa idan an ɗan sanyaya fallen kafin a fara, kuma sai ya sha zafi da hucewa wasu lokuta kafin ya zauna sosai, don haka kada a yanke masa hukunci a daren farko. A ajiye shi nesa da rana, domin motar da ta wuni a fili a Afrilu ta isa ta narkar da shi. Masu yin sa masana'antu suke sayar wa, 'yan ƙananan yankan da ke yawo dillalai ne suka yanko, shi ya sa jabunsa ya yi yawa.

Na uku shi ne ruwan ƙarfe, irin Conductonaut, haɗin galiyam da indiyam da kuza, mai lamba 73. Ya fi kowanne ɗaukar zafi, Sony ma shi ya sa a PlayStation 5 a 2020. Amma lantarki na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan allon ciki ya isa ya kashe kwamfuta, yana kuma cinye alminiyam. Kamfanonin da ke sa shi suna kewaye ƙwayar da shinge tun daga masana'anta. Laftof ɗin da za a jefa a jakar goyo, a hau adaidaita sahu da ita daga Gama zuwa Zoo Road ana faɗawa ramuka, ban ga dalilin sa mata shi ba. Wanda tasa ta zo da shi, ya kai wa wanda ya san hannunsa.

Sauran abubuwan da ake shafawa don gudun kashe kuɗi, man goge baki da giris ɗin mota da makamantansu, ba sa bukatar dogon bayani. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, cikin kwanaki yake bushewa ya zama alli. Farin man nan mai arha da ake ɗiba a gwangwani yana iya riƙe tsohuwar laftof ɗin rubutu, amma ba a ba shi amanar ƙwaya mai wat 100.

Algus shi ne ciwon da ya fi damuna. Matar da ta san sana'arta tana shinshina man gyaɗa kafin ta biya, ta san wanda aka sirka. Mai sayen man furosesa ba shi da wannan damar, duk toka-toka ne a sirinji. A Farm Centre da Beirut Road da Sabon Gari akwai 'yan kasuwa masu amana da ke kawo na ainihi, a intanet ma haka, amma sai mai saye ya buɗe ido. A sayi wanda kwalinsa ke rufe. Arctic yana sa lambar tantancewa a kwalin mayukansa da ake dubawa da waya, a duba kafin a bar shago. Idan farashin ya faɗi ƙasa da rabin yadda aka san shi, araha ba ta ado. Sirinji mai giram 4 yana isar laftof da yawa, don haka abokan aiki uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi na ƙwarai guda ɗaya, ya fi kowa ya sayi nasa na bogi.

Wajen shafawa ma akwai ladabi. Mai waina ba ta zuba sabon mai a kan baƙin ƙanzon jiya, sai ta kankare ta goge. A kashe laftof, a cire caja, da an buɗe bayanta a fara zare wayar batir kafin a taɓa komai. A kwance notunan faranti bi da bi, akwai lambobi 1, 2, 3, 4 a gefensu, a ɗaga shi a hankali kada bututu ya lanƙwashe. A share ƙura daga fanka da siraran ƙarafa da buroshi mai laushi. Idan za a hura da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Tsohon mai da sifirit ake goge shi, mafi kyau aisofurofil mai kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar gashi, ba da fetur ba, ba kuma da bakin sukundireba ba, domin silikon tsirara yana ɓantarewa. Sai a shimfiɗa sabon mai siriri ya rufe fuskar ƙwayar duka har kusurwoyi. Idan hannu zai karkata, gara ya ɗan zarce kaɗan, tunda rarar za ta fita gefe, da a bar kusurwa ɗaya a bushe. A mayar da faranti sau ɗaya, kada a ɗaga don leƙawa, a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan bisa jerin lambobinsu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a kan 'yan matasai masu laushin nan da ke kan ƙwayoyin ajiyar katin hoto da sassan rarraba wuta. Kowanne da kaurinsa, wani rabin milimita, wani 1, wani 1.5. Idan suna nan lafiya a bar su. Wanda ya canza su da masu kauri ya ɗaga faranti daga kan babbar ƙwaya, sai zafi ya fi na da, kome tsadar man da ya shafa. Wanda ya cire su ya cike wurin da man sirinji kuma ya bar ƙwayoyin ajiya suna gasuwa. Garin gyaran gira a nan ake rasa ido. Laftof ɗin da ke da garanti kuma a tambayi sharaɗinsa kafin a kwance faranti.

Ko bayan duk wannan, a ranakun da gari ya yi tsanani, hikimar janye itace tana nan, kuma gara ka janye da hannunka da ka jira kwamfuta ta yi maka. Mai wasa ya ƙayyade hotuna 60 a daƙiƙa a cikin saitin Nvidia maimakon barin kati yana zuba 120 da allonsa ma wataƙila ba ya nunawa. A saitin wutar Windows, mayar da iyakar furosesa kashi 99 yana hana ta tsallen gudun da ke haifar da zafi mai yawa, kuma tunda a yawancin laftof bututu ɗaya suke rabawa da katin hoto, shi ma sai ya samu sarari. Wanda ya iya manhajar MSI Afterburner zai iya rage wa katin ƙarfin lantarki kaɗan, gudu bai ragu sosai ba amma zafi ya sauka. Babban aikin fitar da bidiyo kuma, in da hali, a bar shi sai dare ko bayan asuba.

Ga masu gyara, 'yan'uwana, roƙona kaɗan ne. Ku nuna wa mai kaya sirinjin da za ku shafa masa, ku nuna masa tabarmar ƙurar da kuka ciro, ku kunna manhaja ya ga zafin kafin aiki da bayan aiki. Idan shara kaɗai take bukata, ku faɗa masa, ku karɓi kuɗin shara. Ga mai laftof kuma, idan tana da katin hoto na daban kuma da ita kake cin abinci, ka sa a share ta kowace shekara kafin Maris ya shiga, ka ɗauke ta daga kan katifa, idan lokacin canjin mai ya yi ka nemi PTM7950 na gaskiya, in bai samu ba ka sayi MX-6 ko NT-H2 a rufaffen kwali, kuma ka tsaya a shafa a gabanka.